Ƙugiyar da Na Zata Hannuna Ne Ya Lanƙwasa

'Ya'yana, akwai wata magana da ta zauna a gidan nan har ta yi saiwa, wai Dokta Salamatu ta cuci mahaifinku, ta ƙwace masa ƙwaro. Hauwa ce ta fi kowa riƙe ta, Sadiku kuma ya karɓa ya ƙara mata gishiri, har na taɓa jin sa yana gaya wa abokansa cewa da ba don matar nan ba, da yanzu sunan babansa yana cikin littattafan Turawa. Ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba, amma ban taɓa hana ku faɗa ba, wannan ma laifi ne mai zaman kansa. Yanzu da idona ya fara gajiya, hannuna kuma yana rawa in na ɗaga kofin shayi, gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya riƙe biro. Ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi mini musu, don na san halinku, wajena kuka ɗauko shi.

Kun san kakana daga Kano ya biyo hanyar jirgin ƙasa ya zauna a Minna, kun kuma san mahaifina gyaran agogo yake yi a wata 'yar rumfa kusa da tasha. A rumfar nan na koyi riƙe hantsaki, na koyi riƙe numfashi in ana zare gashin agogo. A nan kuma na koyi zargi. Sana'ar agogo sana'a ce da kowa ke kallon kowa a kaikaice. Mai agogo yana ganin za ka cire masa kayan asali ka sa na jabu, kai kuma kana ganin shi ya riga ya buɗe ya ɓata a gida ya kawo maka don ya ɗora maka. Saboda haka Baba yana da doka guda wadda ba ya wasa da ita: ba a buɗe agogon mutum sai a gaban idonsa. Ko gwamna ne ya aiko direba, sai direban ya tsaya ya gani. Na girma da hannu mai kyau da zuciya mai tuhuma, kuma da su biyun na shiga aikin gwamnati, a ɗakin binciken ƙwari na wata babbar makaranta. Aikina shi ne kama ƙwari, da jiƙa su a sifirit, da kafe su da fil, da rubuta musu 'yar takardar shaida, da feɗe su a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Malamai da yawa sun zo sun wuce ta kaina. Duk sun san cewa in abu ya yi ƙanƙanta har ya fi ƙarfin hannunsu, Malam Garba ake kira. Ban taɓa ɓata samfuri ba, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba.

Dokta Salamatu mutuniyar Bida ce, doguwa, mai magana a hankali kamar tana auna kowace kalma. Ita ta kawo mana aikin ƙwaron da wannan labari ke kansa. Kun san shi. Shi ne ɗan siririn nan mai baƙi da ja da ke zuwa gindin fitila da damina, wanda ɗalibai ke kira siket da bulawus, wanda in ka murje shi a fata wurin zai tashi kamar ƙunar ruwan zafi. Mutane na cewa fitsari yake yi wa mutum, alhali ba fitsari ba ne, ruwan jikinsa ne, kuma ba ya fita sai an murƙushe shi. Kafin zuwanta ni ma ina ganin duk iri ɗaya ne. Ita ta zaunar da ni ta nuna mini cewa danginsu ba su ƙirguwa. Tsawonsa kaɗan ya fi ƙwayar shinkafa. Kai baƙi, ƙirji ja, sai murfin fiffike gajere mai sheƙin shuɗi wanda bai rufe ko rabin baya ba, kamar yaro ya sa falmaran ɗin ƙanensa. A ƙarƙashin wannan ɗan murfi yake naɗe dogayen fukafukansa. Sauran cikin a waje yake, gaɓa-gaɓa, in ka taɓa shi ya ɗaga wutsiya sama kamar kunama, ko da yake ba shi da ƙari. Ƙahonnin da yake shinshina da su gaɓa goma sha ɗaya ne kowanne, sai na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kafin in rubuta komai.

Abin da ya fi ba ni kunya a farkon aikin shi ne yadda ake rarrabe su. Launi ba ya isa shaida, don iri biyu na iya saka kaya ɗaya. Matansu kuwa kusan ba a bambanta su. Sai an samu namiji, ana gane shi da wata tsaga a ƙasan cikinsa wajen wutsiya, a jiƙa shi ya yi laushi, a sa allura a zaro gabansa, wani ɗan abu mai tauri da bai kai kan fil girma ba. Siffar wannan abu ita ce katin shaidar kowane iri. Ranar da Dokta ta fara yi mini bayani, kaina a ƙasa yake, ita kuwa ko a jikinta.

"Malam Garba, ɗago kanka," ta ce. "Allah ne ya ajiye musu suna a can, ba ni ba."

A damina ta shekarar da nake ba ku labari, mukan hau keke daga unguwar Maitumbi da sassafe mu nufi Tagwai, ƙasan madatsar ruwa, inda wani manomi mutumin Gbagyi mai suna Danjuma ke da gonar shinkafa. Mukan durƙusa a gefen kunya mu ɗaga ruɓaɓɓen ganye, in ƙwaron ya fito da gudu in zuƙe shi da 'yar roba zuwa cikin kwalba. Danjuma yana tsaye yana kallonmu, bai taɓa yarda cewa ƙwaro kawai muke nema ba.

"Malam, gaya mani gaskiya," yakan ce. "Gwamnati zai karɓi gona ne? Wannan kwaro ba shi da amfani fa. Matana ya kwanta kansa, wuya duka ya kone."

Nakan yi masa dariya a lokacin, ban san ni da shi jirgi ɗaya ya kwaso mu ba. A gonarsa muka samu wasu guda goma sha biyu da suka tsaya wa Dokta a rai. Ƙafafunsu rawaya ne har ƙasa, babu baƙin gwiwar da muka saba gani, kuma kansu ya ɗan fi faɗi. Da muka juya su a madubi, goma sha ɗaya mata ne. Namiji ɗaya tak. Dokta ta sa shi a kwalbarsa daban, ta ce ranar Litinin za mu feɗe shi tare. A daren Alhamis aka yi mata rasuwa a Bida, ta tafi, ta yi mako guda.

Nan ne na karya dokar Baba. An ɗauke mana wuta a wurin aiki kwana uku, zaman banza ya ishe ni, kuma in gaya muku gaskiya, so nake ta dawo ta tarar na gama, ta ce kai, Malam Garba. Ranar Asabar na ɗauko ƙaramin madubin da ke aiki da hasken rana na kawo gida, na kafa tebur a baranda da hantsi. Na jiƙa ƙwaron, na buɗe wutsiyar, na sa allura. Ina tsakiyar zarowa maƙwabciyarmu ta tayar da injin niƙanta, wanda ke manne da katangarmu. Teburin ya girgiza. Na ji allurar ta zame ta daki wani abu mai tauri. Ji ne da ɗan yatsa, irin wanda mai gyaran agogo ba ya kuskure shi. Na ɗaga hannu na jira injin ya mutu. Da na leƙa, abin ya fito gaba ɗaya, bai karye ba, amma bakinsa a lanƙwashe yake zuwa hagu kamar ƙugiyar masunta. Na buɗe duk zanen da ke littafin rarrabewa. Babu iri ko ɗaya mai ƙugiya haka. Duk nasu a miƙe suke, ko kuma sun ɗan rusuna kaɗan. Na zauna ina kallon hannuna kamar na wani. Mahaifiyarku ta fito da tsintsiya ta gan ni.

"Malam, lafiya? Ka yi fari kamar wanda ya ga gawa."

"Lafiya lau," na ce mata. Na sa abin a ɗigon man gilisarin cikin 'yar kwalba, na mayar da komai wurin aiki kafin Litinin.

Da Dokta ta dawo na yi mata gaisuwa, sannan na ce na rage mata aiki. Ta ɗan dube ni. Ta zauna a gaban babban madubi, ta sa ido, ta ɗauki gashin buroshi tana juya abin a hankali. Ina tsaye a bayanta ina ƙirga numfashinta. Ta juya shi ta baya, sai ta tsaya cak. Ta daɗe a nan. Ta ɗago ta kalle ni, kallon da bai wuce ƙiftawa biyu ba, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta rufe ta mayar da ido. Can ta ja kujera baya.

"Malam Garba, wannan sabo ne. In Allah ya yarda ba wanda ya taɓa rubuta shi."

Wannan kallo na ƙiftawa biyu shi ya cinye mini shekara guda. Na ce a raina, ta gani. Ta ga an lanƙwasa, ta san ni ne, kuma ta zaɓi ta yi shiru. To don me? Ba sai an gaya mini ba. Kowa ya san takardunta na zama farfesa suna gab da tafiya, kuma sabon iri ba ƙaramin ado ba ne a irin wannan fayil. Daga ranar duk abin da ta yi sai na samo masa fassara. Ta manna wa ƙwaron jar takarda, ta kulle shi a kabad ta riƙe makulli. Na fi kowa sanin cewa haka ake yi wa samfurin farko, wanda duk duniya za ta riƙa komawa kansa, amma na ce ɓoye shi take yi kada wani ya duba. Ta sa na zana abin ta gaba da ta gefe, ta ce in sa hannu a ƙasan zanen, na ce shaida take tarawa. Ta aika hotuna ga wani masani a ƙasar waje, ya amsa cewa shi ma bai san irinsa ba, na ce hoto ai ba ya nuna sawun allura. Sai ranar da ta kira ni ofishinta, ta ba ni kujera, har da lemo.

"Na yanke shawara," ta ce. "Sunanka zan sa masa. Kai ka zuƙo shi, kai ka feɗe shi. Shekara nawa kana yi wa mutane aiki suna tafiya da suna?"

Na yi godiya har da rusunawa. Na fito. Yanzu na gane dabarar gaba ɗaya, a ganina. In abin ya wuce, ita ce farfesa. In wata rana wani ya kama namiji na biyu ya ga baki a miƙe, to ga wanda ya feɗe shi kaɗai ba shaida, ga sa hannunsa a zane, ga sunansa ma a jikin ƙwaron har abada. Za a ce ma'aikacin ɗakin bincike ne ya lanƙwasa don a raɗa masa suna. Da na dawo gida na ba da labarin, ku kuka hau tsalle, Hauwa ta kira duk ƙawayenta. Mahaifiyarku kaɗai ta lura ban ci tuwo ba. Washegari bayan asuba ta tsare ni, na gaya mata komai, har da injin niƙa.

"To ka je ka faɗa mata mana," ta ce. "Ka ce Dokta, hannuna ya zame, a sake dubawa. Shi ke nan."

"Ke ba ki san ma'aikatan gwamnati ba. Ai ta sani. Jira take in faɗa da bakina."

"In ta sani, me za ka rasa? In ba ta sani ba, ka taimake ta. Malam, matar nan da Sadiku ya kwanta asibiti sau uku tana zuwa."

"Shi ya sa nake tsoronta," na ce.

Mahaifiyarku ta tafa hannu ta ce Allah ya shirye ni, ta shige kicin. Ta fi ni gaskiya, kuma ko a lokacin wani ɓangare na zuciyata ya sani. Amma in je in tsaya gaban mace mai digiri uku in ce ni, Garba ɗan mai agogo, na buɗe abin da ba nawa ba a bayan idon mai shi, kuma hannuna ya zame? Na fi son ƙasa ta tsage. Sai na nemo hanyar da za a tsayar da aikin ba tare da sunana ya fito ba. Na rubuta wa shugaban sashe takarda ba sa hannu. Na ce wani mai kishin makaranta yana sanar da shi cewa sabon ƙwaron da ake shirin bugawa a kan namiji ɗaya aka gina shi, cewa akwai alamar an taɓa samfurin, kuma mai aikin tana gaggawa ne saboda ƙarin girma. Ban ce ni na taɓa ba. Na bar mai karatu ya zaɓi wanda zai zarga. Na san kowa ya san ƙananan rubutuna, don haka na hau keke har unguwar Tunga, inda ba wanda ya san ni, na sa aka buga mini a kwamfuta, aka kuma ɗauki hoton zanen. Na dawo ofis ina jin kaina wani gwani. Na haɗa takardun biyu, na miƙa hannu cikin aljihun tebur ba tare da na duba ba, na ɗauki abin da hannuna ya saba ɗauka sau ɗari a rana, na maƙale su, na sa a ambulan na tura ta ƙarƙashin ƙofa.

Abin da ya biyo baya ya fi abin da na nufa, ko da yake ba zan ce ban hango shi ba. Aka kafa kwamiti. Aka ce a dakatar da aikin har sai an samu wani namijin an feɗe a gaban shaidu. Aka ajiye fayil ɗin Dokta gefe har a gama. Damina kuwa ta riga ta wuce, gonar Danjuma ta bushe, ƙwaron ya ɓace, sai wata shekara. A cikin watannin nan na ji da kunnena wani malami yana ce mata farfesar ƙwaron jabu a bayan idonta, ana dariya. Ɗalibai biyu da ke aiki a ƙarƙashinta suka nemi a canja musu malami. Ta rame. Amma kullum da safe sai ta leƙo ɗakina.

"Malam Garba, ina kwana? Ya iyali? Ya jikin Sadiku?"

Ni kuwa in amsa ina nazarin muryarta, ina neman inda ta ɓoye wuƙar. Wata rana na ce ta sani, wata rana na ce ba ta sani ba. Na daina cin abincin da aka kawo daga ofishinta. Da ta ba ni turare da ta dawo daga Umara, na ba maigadi. Ku dubi irin mutumin da ya haife ku.

Ruwan farko na sauka muka koma Tagwai. Danjuma ya tare mu da labarin cewa ya yi feshin maganin ƙwari, kuma a fuskarsa na ga ya yi ne don mu daina zuwa. Kwana tara muna bin gefen rafi, Dokta da takalmin roba da zaninta ɗaure a ƙugu, laka har gwiwa. Ni ban san abin da nake roƙon Allah ba. In muka samu, baki a miƙe, asirina ya tonu. In ba mu samu ba, ita ta ƙare. A rana ta goma, ƙarƙashin wani tarin ciyawa da ruwa ya kwaso, na zuƙo guda bakwai masu rawayan ƙafa. Uku maza ne.

Aka sa ranar feɗewa. Mutum huɗu na kwamiti suka zauna, shugaban sashe ya tambayi Dokta wa take so ya yi aikin, ko a kira wani daga wata makaranta don kauce wa magana.

"Malam Garba zai yi," ta ce. "Ba mu da hannun da ya kai nasa."

Na ce a raina, yau ce ranar da ta shirya mini. Na yi bisimilla na zauna. Na jiƙa na farko, na buɗe, na zaro a hankali, allurar ba ta taɓa komai ba. Na leƙa. Ƙugiya, a lanƙwashe zuwa hagu. Na ɗauka idona ne. Na yi na biyu, ƙugiya. Na uku, ƙugiya, kamar an buga su a maƙera ɗaya. Haka Allah ya halicce su. Hannuna bai lanƙwasa komai ba. 'Yan kwamiti suka bi layi suna leƙawa suna taya Dokta murna, har da mai cewa dama shi bai taɓa shakka ba. Ni kuwa ina zaune tsakanin daɗi da kunya. An wanke hannuna, kuma a wannan lokacin ne na fara ganin girman abin da na yi wa baiwar Allah nan a kan banza.

Aikin ya fito a mujalla bayan wasu watanni. Da na buɗe, sunan wurin da aka kama shi aka sa wa ƙwaron, ba nawa ba. An gode mini a ƙarshe cikin layi ɗaya. Zagayen ƙarin girman ya riga ya wuce ta, kuma ba ta jira na gaba ba, ta nemi canji ta koma wata makaranta kusa da gida. A nan kuka ɗauko maganarku ta cewa ta cuce ni. Mahaifiyarku ta dube ni a kan tabarma ranar da Hauwa ta fara faɗa, tana jira in yi magana. Na ci gaba da cin abincina. Har ta koma ga Allah ba ta tona ni ba, amma duk lokacin da kuka ɗauko zancen sai ta tashi ta bar wurin, ku kuna zaton takaicin Dokta ne.

Shekara shida bayan na yi ritaya na ji mijin Dokta ya rasu. Na shiga mota na tafi Bida ban gaya wa kowa dalili ba. Bayan an yi addu'a mutane sun ragu, aka shigar da ni falo. Ta tsufa, tana sanye da tabarau mai kauri. Na yi mata ta'aziyya, sannan na sauka daga kujera na zauna a ƙasa.

"Ranki ya daɗe, akwai abin da na zo da shi. Takardar nan da aka kai wa shugaban sashe, ni na rubuta."

"Na sani, Malam Garba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya nuna mini. Da fil ɗin ƙwari aka maƙale ta, baƙi, siriri, lamba biyu. Shi bai lura ba. Duk makarantar nan mutum nawa ne ke da shi a aljihun tebur? Ni dai ban rubuta wa kaina ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na gaya mata komai, baranda, injin niƙa, allura, da abin da na zata game da ita, ban rage ko ɗaya ba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Na tambaye ta ko don ramuwa ta cire sunana, na ce in haka ne ta yi daidai.

"Ba ramuwa ba ce. Ka rubuta cewa ba ka yarda da shi ba. Ba na ɗora wa mutum sunan abin da ya tsame hannunsa daga ciki."

Saura tambaya ɗaya, wadda na ɗauko tun daga Minna, wadda na kwana da ita shekara da shekaru.

"Ranar da kika fara dubawa, kin tsaya, kin kalle ni, kin fasa magana. Me kika gani?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Sawun allurarka na gani. A gindin abin, ta baya, ɗan ƙarce kamar gashi. Nesa da ƙugiyar, bai taɓa komai ba. Abin nan mai tauri ne, Malam, in allura ta dake shi karyewa yake, ba ya lanƙwasa, na ɗauka ka sani. Na so in tsokane ka in ce yau hannun Malam Garba ya zame. Sai na ɗago na ga fuskarka, na ga yadda kake ji da hannun nan naka. Na ce bari in rufa wa dattijo asiri."

Ta mayar da tabaraunta, ta dube ni sosai, ba fushi a muryarta.

"Tsakanin ɗakinka da ofishina taku goma ne. Shekara guda ina leƙowa kullum da safe, ina cewa yau zai faɗa."